Gilashi Uku Zuwa Zangon Kumasi

Tun da na dawo daga Gana ba ni da sakat. A ofishin malamai tambaya, a bakin masallaci tambaya, har mai shayin layinmu sai ya riƙe mini kofi ya ce sai na gaya masa ko gaskiya ne Hausawan can ba sa bambanta mace da namiji a magana. Kowa guntu nake ba shi in wuce, sai kuma in ji labarin ya dawo mini da ƙafafu da fukafukai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, mai son ji ya karanta ya bar ni in sha shayina da zafinsa.

Sunana Sabi'u, lissafi nake koyarwa a wata sakandare da ke wajen Gusau. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da ina yaro "kai" ne, da na fara aiki na zama "Malam". Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka muka taso muka tarar. Na faɗi wannan ne don za a buƙace shi a gaba.

Matata Mariama 'yar Zangon Kumasi ce, karatu ya kawo ta Gusau wurin goggonta, a nan muka haɗu. Da cikinta na fari ya tsufa ta tafi gida haihuwa, ta sauka lafiya, namiji. Na sa kawuna ya buga waya ya ce a sa wa yaron sunan mahaifinta, Alhaji Issaka. Ni ban je suna ba, jarrabawa ta riƙe ni, kuma a wurinmu uban ɗan fari ba ya ma tsayawa a gan shi ranar. Kafin ta gama wanka sai 'yan bindiga suka matsa wa hanyar makarantarmu. Labari ya kai wa Alhaji, ya rantse 'yarsa da jikansa ba za su tako ƙasar nan ba. Watanni suka yi ta tafiya ina aika ban-haƙuri, sai ga saƙonsa: in ina son iyalina, in zo in nemi aiki a can. Ya yi magana da wata makaranta a Tafo, wata unguwa a Kumasi, za su ba ni darasi ɗaya su gwada ni. In na ci, in zauna. In ban ci ba, in koma gida ni kaɗai, daga baya a san abin yi. Duk mai aure ya san abin da "a san abin yi" ke nufi, ni kuwa ranar ko tuwo ban iya haɗiya ba.

Shugaban makarantar, Mista Owusu, ya turo mini darasin ta waya: yadda ake zana lissafi mai haruffa uku, x da y da z. Ga waɗanda suka gudu daga ajina tun suna yara, abin ba wuya. In haruffa biyu ne, amsoshin sukan jeru su ba ka miƙaƙƙen layi a kan allo. In ka ƙara na uku, layi ya yi kaɗan, amsoshin sai su baje su zama shimfiɗa, kamar tabarmar da ta sandare aka rataye ta a iska, ba ta da baki ta ko'ina. Matsalar ita ce allo a kwance yake, yaro ba ya ganin zurfi a kansa. Don haka na sa kafinta ya yi mini akwatin katako buɗaɗɗe, mai gilashi ya yanko mini gilashi uku, ja da kore da ruwan ɗorawa, da tsaga a jikin kowanne yadda za su shige cikin juna. Na naɗe su da tsohon zanen Mariama, na ɗaure akwatin da igiya. A raina, aurena ne na ɗaure a ciki.

Da na je sallama, Inna ta dubi akwatin ta ce in dai kayan fashewa ne in riƙe a cinya. Ba ta ambaci yaron ba, ni ma ban ambata ba.

Daga Gusau zuwa Legas babbar mota na shiga. Yaron mota ya dage sai an sa akwatin a ƙasa tare da buhunan albasa, na dage ni ma, har fasinjoji suka shiga tsakani aka bar ni da kayana a cinya. Duk ramin da muka faɗa sai in kara kunne in ji ko wani abu ya yi ƙara. Wani dattijo da ke gefena ya yanke hukuncin cewa akwatin sayar da tsire ne, ya yi ta ba ni shawarar irin yajin da mutanen kudu ke so. Ban musa masa ba, ba ni da ƙarfin bayani. A Legas na sauka a Agege, shagon wani ɗan unguwarmu mai sayar da agogo, na kwanta a benci da akwatin a ƙarƙashin hannuna.

Motar da ke bin bakin teku zuwa Gana ita ce ta haɗa ni da Mma Ayishetu, wata 'yar kasuwa ta Zango mai safarar atamfa, jibgegiya mai dariya kamar ana zazzaga tsakuwa. Tun kafin mu bar tasha ta ƙwanƙwasa akwatin da yatsa ta ce, "Masta, mene ne ciki, kifi?" Da ta ji inda za ni ta ce ta san gidan Alhaji Issaka mai goro, ta san Mariama tun tana tsirara, sai dai a bakinta Mariama "ya girma" ne, "ya yi awure". Da farko abin ya yi ta sukar kunnena, kafin mu kai Kwatano na daina ji.

Iyakoki ne suka fi cin raina. A kowacce sai an sauka an taka da ƙafa, fasfo da katin rigakafi a hannu ɗaya, akwati a ɗayan, masu canji da masu baro suna bangazar mutum ta kowane gefe. A ɗaya daga cikinsu, ba sai na ce wacce ba, wani jami'i ya ce in kwance akwatin. Ya ga gilashi kala-kala a naɗe da zanen mace, ya ɗaure fuska ya yi ta zuba Faransanci. Mma Ayishetu ta fassara mini cewa yana son a fito da kowanne ya ga abin da ke tsakani. Na roƙa a bar ni in fito da su da kaina. Gumi na shiga mini ido, direbanmu kuma ya danna oda daga can tsallake yana cewa zai tafi ya bar mu. Na harhaɗa su a kan tebur, na nuna masa ɗigon da ukun suka haɗu. Ya sunkuya ya leƙa ta sama, ya leƙa ta gefe, ya daɗe yana kallo. Sannan ya faɗi wani abu ya buga mini hatimi. Mma Ayishetu ta ce cewa ya yi wannan abin ne ya kore shi daga makaranta, da an nuna masa haka da yanzu ba rana yake sha a bakin iyaka ba.

A Lome ta saya mini dokunu, wani tuwon masara mai tsami naɗe a ganye, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji da suke kira shito, wanda ya sa na yi hawaye a gaban mata. Muna ci take ba ni karatu. Ta ce in na shiga taro in fara gaisuwa daga dama. Ta ce kada in nuna mutum da babban yatsa, zagi ne mai kai wa ga uwa. Sannan ta ce a Kumasi, har cikin Zango, in baƙo ya zo sai a ba shi ruwa, a zauna, a tambaye shi abin da ya kawo shi, ko da kowa ya sani. "Ka fada da baki naka, Masta. Abin da ka fada, shi mutane zai rike." Na gyaɗa kai, hankalina yana kan igiyar akwatin da ta fara saki.

Muka ƙetare iyakar Gana a Aflao, muka canza mota a Ankara, babban birninsu, muka hau doguwar hanya cikin kurmi. Abin da na fi lura da shi hotunan matattu ne manya-manya a bakin titi, kamar na masu neman zaɓe, kowanne da ranar bikin binne shi. Mu da muke binne mutum kafin la'asar, na kasa gane yadda ake ajiye gawa ana jiran 'yan uwa su gama ɗinki.

Da hantsi tasi ta ajiye mu a bakin Zango. Lunguna matsattsu, kwata a tsakiya, ƙamshin wake da shinkafa jajaye da suke kira wakye, Hausa da Tuwi, yaren Asante, da Turanci a cakuɗe cikin jimla ɗaya. Mma Ayishetu ta raka ni har ƙofar gidan Alhaji ta wuce da kayanta. Gida ne babba na haya, ɗakuna a kewaye, Dagomba da Mosi da Asante duk a tsakar gida ɗaya. Alhaji yana zaune a baranda kan kujerar roba, siriri, fari tas da gemu, da wasu dattawa biyu a gefensa.

Na yi abin da duk ɗan mutunci zai yi a garinmu in ya hango surukinsa. Na tuɓe takalma tun daga ƙofa, na taho a sunkuye, na zube a ƙasa tun ban kai gare shi ba. Akwatin yana hammatata. Da gwiwata ta taɓa ƙasa, kusurwarsa ta daki bakin dakalin siminti. Ƙarar ba ta da yawa, amma duk gidan an ji. Gilashin da ya tsallake ramukan hanya da iyakoki uku, gaisuwata ce ta fasa shi.

Ban motsa ba, na ci gaba da gaisuwa kaina a ƙasa. Aka kawo ruwa na kurɓa. Sai ga Mariama ta fito, ta yi kyau ta yi ƙiba, da yaron a hannu. Ta zo har gabana ta miƙo mini shi. Allah ya sani zuciyata kamar ta tsage don son in karɓa, amma surukina na zaune, ga dattawa. Hannuwana suka koma baya da kansu, fuskata ta juya bango. Ta ɗan tsaya, sannan ta janye shi. Har wata mata da ke daka a tsakar gidan ta dakata.

Alhaji ya gyara murya ya ce, "To Malam, mun gode Allah da ka iso lafiya. Me ya kawo ka?"

Na tuna maganar Mma Ayishetu sarai. Amma yaya za a yi in buɗe baki in ce wa uban matata na zo ne don ina kewar 'yarsa da ɗana? Na ce, "Na zo neman aiki, Baba."

"Aiki," in ji shi. Ya dubi dattawan, ya dubi akwatin. "To, Allah ya ba da sa'a." Ya tashi ya shige ɗaki.

Aka sauke ni a wani ɗan ɗaki kusa da ƙofa. Na kwance zanen. Jan ya yi raga-raga, koren ya rabe biyu, ruwan ɗorawan ne kawai ya tsira, shi kuwa shi kaɗai ba ya nuna komai. Na zauna a bakin katifa na rasa abin da ke mini daɗi. Da azahar aka aiko in zo mu ci fufu da Alhaji, ashe a gidan kwano ɗaya yake ci da surukansa. Na ce a ƙoshe nake, alhali cikina kuka yake. Aka kawo mini nawa ɗaki, na yi ta tauna shi, sai daga baya na ji ba a tauna fufu, haɗiya ake.

Bayan la'asar Mariama ta shigo da yaron ta turo ƙofa. A nan na karɓe shi, na shinshina kansa, na ƙirga 'yan yatsunsa, na ga kunnuwansa irin nawa ne masu fitowa waje. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malam, ka san abin da Baaba ya ce? Ya ce mutum ya taho tun daga Najeriya da gilashi a ƙirji kamar jariri, jaririn kuma ko kallo bai ishe shi ba."

Na ce ai ta san al'adarmu, ta zauna a Gusau. Ta ce ita ta sani, shi bai sani ba, kuma ta yi bayani har ta gaji. Kakan kakansa ne ya baro Kano, su a nan uba ɗaukar ɗansa yake ya zaga unguwa da shi. A ganin Alhaji, ban zo suna ba, ban taɓa kiran sunan yaron a waya ba, yau na kawar da kai, na ƙi cin abincinsa, kuma da bakina na ce aiki na zo nema. Ta ce ko makaranta ta ɗauke ni, in bai ga abin da zai kwantar masa da rai ba, ba zai ba ni su ba. Sai a lokacin na gane jarrabawa biyu ce a gabana, kuma na riga na faɗi rabin ɗaya.

Washegari Asabar na fita neman mai yankan gilashi. Gari ya cika da mutane cikin baƙaƙe da jajayen zannuwa, rumfuna a kan titi, kiɗa kamar na biki. Shagon da aka kwatanta mini a rufe, mai shi ya tafi binne kawunsa a ƙauye. Aka tura ni wani shagon a unguwar Atonsu, na sha trotro, wato ƙananan motocin hayarsu, can ma maƙwabcin ya ce an tafi makoki. Lahadi kuma coci. Darasina Litinin da safe. Na dawo ƙafafuna sun yi nauyi, na tarar Mariama ta samo manyan kwalaye uku daga shagon wata 'yar haya, ta baje su a ƙofar ɗakina. Muka yanke su, muka tsaga, na shafa musu alli mai launi. Kusa da gilashina abin tausayi ne, kuma sun yi girman da sai an riƙe su.

A kwanakin nan sau ɗaya na yi yunƙurin abin da ta roƙe ni. Alhaji na alwala a tsakar gida, yaron na kwance a tabarma kusa da shi. Na taso daga ɗaki da niyya, na yi taku kaɗan, ƙafafuna suka ƙi. Na wayance na nufi famfo na wanke hannun da ba shi da datti.

Ranar Litinin muka shiga tasi zuwa Tafo, Alhaji a gaba, ni da kwalaye a baya, Mariama da goyo a gefena. Ajin na 'yan shekarar ƙarshe ne, maza da mata. Mista Owusu, gajere mai tabarau, ya zauna a baya da malamai biyu, ya sa aka kawo wa Alhaji kujera kusa da shi. Mariama ta tsaya a baranda jikin taga. Ban taɓa tsayawa a kan ƙafafuna ina ɗaga murya a gaban surukina ba, sai ga shi dole.

Na fara da Turanci, idona a kan siminti. Na rubuta 2x + 3y + 6z = 6 a allo, allin ya karye. Yaran suka yi ta kallon juna, Turancina bai shige su ba, nasu ma da ƙyar nake kamawa. Na hango Mista Owusu yana duba agogo. Sai wata yarinya mai farin hijabi a layin gaba ta ce, "Masta, ka yi Hausa kadan, duka mu yana ji." Mista Owusu ya ɗaga hannu alamar ba laifi, ashe shi ma a Zango ya girma.

Na bar allon na nufi kusurwar ajin, inda bango biyu da ƙasa suka haɗu. Na ce wannan lungun shi ne sifili. Gindin bangon dama shi ne x, gindin na hagu y, layin da ya hau sama z. Na tambaye su, in y da z duk sifili ne, nawa x zai zama? Yarinyar ta ce uku. Na auna ruloli uku a gindin bangon na yi alama. Wani ya ce y biyu ne, wani daga baya ya ce z ɗaya. Na manna zare daga alama zuwa alama, ya fitar da kusurwa uku a jingine cikin lungun. Na ɗora kwali a kai ya kwanta daidai. Na ce duk ɗigon da ke jikin wannan kwalin amsa ce, kuma kwalin bai ƙare a nan ba, ya ratsa bango, ya ratsa ƙasa, ya wuce har inda ba mu gani. Na ji ajin ya ɗan motsa, wasu sun miƙe suna leƙe. Numfashina ya fara dawowa.

Saura babban, wato in lissafin uku ne, shimfiɗa uku, ina za su haɗu. Na ce ina son mutum uku su riƙe mini kwalaye. Yaran suka noƙe saboda manyan da ke baya, kowa na jiran wani. Sai na ji kujera ta yi ƙara. Alhaji ne ya taso, ya tako har gaban aji, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Na ba shi da hannu biyu. Mista Owusu ya yi dariya ya zo ya karɓi na biyu. Kafin wani yaro ya yunƙura, Mariama ta riga ta shigo ta kama na uku.

Dole na shiga ba surukina umarni. Baba a ɗaga sama. Baba a karkata hagu. Shi kuwa yana bi ba musu. Na jera su ɗaya bisa ɗaya kamar hawan bene, na ce waɗannan ba za su taɓa haɗuwa ba, babu amsa. Na haɗa bakinsu kamar shafukan littafi, na ce nan sun haɗu a layi guda, amsa ba iyaka. Na ce yanzu za mu zura su cikin juna mu nemo ɗigo ɗaya tak, kuma na Mariama ne zai kwanta a ƙasa.

Ta ce ba za ta iya sunkuyawa da goyo ba. Matar da na gani da idona tana dakan fufu da shi a baya. Kafin in ce wani abu ta kwance majanyi, ta zaro yaron, ta duba dama ta duba hagu. Hannun Alhaji biyu a kan kwali, na Mista Owusu haka. Ta miƙo mini shi, idonta cikin nawa, ta saki.

In ban tare ba zai faɗi, don haka na tare. Ya yi ɗumi, ya fi yadda nake zato nauyi, ya cafki aljihun rigata. Kunnuwana suka yi zafi kamar an zuba musu barkono. Ina jin idon Alhaji a kaina. Na gyara shi a kafaɗar hagu, na ɗauki alli da dama, na ce a zura kwalayen. Suka shige cikin juna, na sa yatsa a inda ukun suka gamu, na ce wannan ɗigon kaɗai ne ya gamsar da lissafin uku gaba ɗaya. Na tambaya ko akwai mai tambaya.

Yarinyar nan ta ɗaga hannu. Na ɗauka a kan ɗigon ne. Ta ce, "Masta, yaro naka ne? Mene ne suna nashi?"

Ajin ya yi dariya, ni kuwa duniya ta tsaya mini. Sunan ɗan fari ne, kuma sunan surukina ne, ga mai sunan tsaye kusa da ni da kwali a hannu. A garinmu ko ɗaya daga ciki ya isa a yi shekara ana ba da labarin rashin kunyar mutum. Na dubi Mariama, tana durƙushe ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ɗana ne. Sunansa Issaka."

"Na'am," in ji Alhaji, a hankali, yana kallon kwalinsa.

Mista Owusu ya ce za su zauna da malamai su kira ni. A tasi Alhaji bai jira kiransu ba. Ya juyo daga gaba ya sake yi mini tambayar ranar farko, me ya kawo ni Kumasi. Na ce, "Iyalina na zo gani, Baba." Ya ce to yanzu ya ji. Ranar na ci fufu kwano ɗaya da shi, ina haɗiya kamar magani. Da makarantar ta kira ta ce in fara aiki a sabon zangon karatu a kan gwaji, shi da kansa ya ce in tafi da Mariama da yaron kakarsa ta gan shi, tunda Inna a cikin gari take, ba a hanyar makarantarmu ba, mu dawo tare kafin a buɗe makaranta. Mutumin da ya rantse jikansa ba zai taka ƙasar nan ba, sai ga shi yana ciyar da miskinai goma don kaffara.

Dawowar ba ta da labari, yaro ya fi gilashi sauƙin ɗauka. Muka iso Gusau da rana, Inna na tsakar gida tana tsintar wake. Na tsaya daga baya kamar yadda aka saba, Mariama ta ɗora mata shi a cinya. Tun kafin a kawo ruwa Mariama ta kwashe labarin ajin kaf ta gaya mata, har da na'am ɗin Alhaji. Na jira faɗa. Inna ba ta dube ni ba, ta daɗe tana juya kan yaron a tafin hannunta, ta kama kunnensa ɗaya ta ja shi a hankali.

Ta ce, "Wanga kau ɗan Sabi'u na. Ga kunnuwan nan."

Na fita zaure na tsaya, na daɗe ban iya komawa ciki ba.